Farfesa Olikoye Ransome-Kuti: Ministan da ya juya akalar kiwon lafiya zuwa karkara

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980 zai iya tuna yadda rediyo da talabijin suka dinga koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da sukari. Zai tuna ma'aikatan rigakafi da ke ratsa ƙauyuka da akwatin sanyi ɗaure a bayan babur, da katin awon yara da uwa ke naɗewa a leda ta adana a cikin kwalla, da kuma lambobin da aka riƙa rubutawa da fenti a jikin katangun gidaje. Akasarin waɗannan abubuwa sun samu gindin zama ne a cikin shekaru bakwai da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi yana riƙe da ma'aikatar lafiya ta tarayya, daga 1985 zuwa 1992. Jama'a da dama sun fi sanin ƙanensa, mawaƙi Fela, amma in ana maganar wanda aikinsa ya shiga ɗakin matar ƙauye a Gumel ko Argungu ko Biu, to yayan ne.

An haifi Olikoye ranar 30 ga Disamba, 1927 a garin Ijebu Ode, inda mahaifinsa, Rabaran Israel Oludotun Ransome-Kuti, yake shugabantar makarantar sakandare. Mahaifin ya koma Abeokuta ya riƙe babbar makarantar garin fiye da shekara ashirin, kuma shi ne shugaban farko na ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya, wadda aka kafa a 1931. Mahaifiyarsa, Funmilayo, ita ce ta jagoranci dubban matan kasuwar Abeokuta suka yi wa harajin da aka ɗora wa mata bore, har Sarkin Egba, Alake Ademola, ya sauka daga gadon sarauta na wani lokaci a 1949. Sunanta ya kai Arewa tun a wancan zamani, domin Hajiya Gambo Sawaba ta yi tattaki har Abeokuta don ta gana da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: Fela ya ɗauki waƙa ya yi ta caccakar masu mulki da ita, Beko ya zama likita kuma ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin ɗan Adam. Olikoye ne mai sanyin cikinsu, mai magana a hankali, amma taurin kan gidan bai tsallake shi ba.

Bayan ya gama makarantar mahaifinsa, ya tafi Kwalejin Trinity da ke birnin Dublin na ƙasar Ireland a 1948, ya kammala karatun likita a 1954. Da ya dawo gida ya yi aiki a Babban Asibitin Legas da kuma asibitin koyarwa na Ibadan, ya ƙaro ilimi a fannin cututtukan yara a Birtaniya, daga bisani ya zauna a Jami'ar Legas, inda ya shugabanci sashen kula da lafiyar yara, ya zama farfesa, ya kuma riƙe cibiyar nazarin lafiyar yara ta jami'ar.

A ɗakunan kwanciyar yara na asibitin koyarwa na Legas ne ya ga abin da ya sauya masa tunani. Yaran da ake kawowa ba wasu baƙin cututtuka ke kashe su ba. Gudawa ce, da ƙyanda, da zazzaɓin cizon sauro, da ciwon haƙarƙari, da tamowa, kuma galibi sai rai ya kai gargara ake isowa da su. Likita mai digiri uku zai iya kwana a kan yaro guda ya ceto shi, bayan wata biyu a sake dawo da shi da cutar da ta kawo shi da farko, saboda rijiyar da yake sha ba ta canza ba, abincin gidan ma haka. Idan a Legas ke nan, inda asibiti ke bakin hanya, ina ga ƙauyen da sai an yi tafiyar yini a kan jaki ko amalanke kafin a ga mai farin kaya?

Amsar da ya fara gwadawa ita ce ƙaramin asibitin Gbaja da ke unguwar Surulere, a ƙarshen shekarun 1960. A can aka horar da ma'aikatan jinya su duba yara da kansu, su auna nauyinsu, su yi musu rigakafi, su koya wa iyaye mata dafa abinci mai gina jiki, su kuma ba da magani bisa wani rubutaccen kundin ƙa'idoji da ke faɗa wa ma'aikaci abin da zai tambaya, da abin da zai duba, da abin da zai bayar, da kuma alamar da in ya gani dole ya tura yaro wurin likita. Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba a lokacin. Dakta David Morley ya riga ya gwada asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a ƙauyen Imesi-Ile, kuma a Garkida ta jihar Adamawa ta yau an fara horar da mutanen ƙauye a shekarun 1970, ana koya musu kiwon lafiya ta hanyar labarai da tatsuniyoyi. Abin da ya bambanta Olikoye shi ne ya samu damar ɗaukar wannan tunani ya mai da shi manufar ƙasa baki ɗaya.

Damar farko ba ta yi armashi ba. Tsarin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, ya zo da shirin samar da kiwon lafiya a matakin farko, kuma an ɗora shi a kan aiwatar da shi. A takarda shirin ya tsaru: kowace jama'a 150,000 za ta samu babbar cibiyar lafiya guda, da matsakaita huɗu, da ƙananan asibitoci ashirin, da na tafi-da-gidanka biyar. Sai dai zamanin kuɗin mai ne, kuma abin da ya fi jan hankalin masu riƙe da baitulmali shi ne gini da sayen kayan aiki daga waje. Aka ba da kwangiloli, wasu gine-ginen suka tsaya a linta, na'urori masu tsada suka yi tsatsa a cikin akwatunansu a garuruwan da ko wutar lantarki babu. Abu guda mai amfani da ya rage shi ne makarantun koyon aikin lafiya da jihohi suka buɗe, waɗanda har yau su ke yaye ma'aikatan da mutanen karkara ke kira malaman asibiti. Darasin da ya ɗauka daga wannan faɗuwa ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa: gini ba ya duba mara lafiya.

A watan Satumban 1978 wakilan ƙasashe 134 suka taru a Alma-Ata ta tsohuwar Tarayyar Sobiyet, birnin da yanzu ake kira Almaty a ƙasar Kazakistan, suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko shi ne hanyar da za a bi kowa ya samu lafiya kafin shekarar 2000. Najeriya na cikin waɗanda suka amince, amma sai da aka yi shekara bakwai kafin a samu ministan da ya ɗauki alƙawarin da gaske.

Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a watan Agustan 1985, ya kuma naɗa Olikoye ministan lafiya. Karɓar muƙamin ba ƙaramin al'amari ba ne a gidansu. Sojoji ne suka jefo mahaifiyarsu ta taga a farmakin da suka kai gidan Fela a watan Fabrairun 1977, ta rasu a 1978 sakamakon raunukan da ta samu. A ranar da ya kama aiki, Fela na gidan yari, sai a watan Afrilun 1986 aka sake shi. A 1992 kuma gwamnatin da yake yi wa minista ta tsare Beko saboda fafutukar dawo da mulkin farar hula. Masu sukarsa sun ce ya ara wa mulkin soja mutuncinsa. Masu kare shi sun ce ba a taɓa samun wanda ya ci moriyar kujerar don talaka kamarsa ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa, sai dai ko masu sukar ba su taɓa jingina masa cin dukiyar jama'a ba, abin da ba kasafai ake faɗa a kan wanda ya yi shekara bakwai a kujerar minista ba.

Ya kama aiki ne a lokacin da aljihun gwamnati ya bushe. Farashin mai ya faɗi, shirin tsuke bakin aljihu na SAP ya shigo a 1986, darajar Naira ta zube, asibitoci suka koma wuraren rubuta wa mutum takarda ya je ya nemo magani a kasuwa. A irin wannan hali ya zaɓi ƙananan hukumomi 52, daga cikin ɗari uku da 'yan kai da ake da su a lokacin, don su zama abin koyi. Aka haɗa kowace da wata kwalejin likitanci ko makarantar koyon aikin lafiya da za ta yi mata jagora. Matakin farko shi ne sanin jama'a: a zaga gida-gida, a sa wa kowane gida lamba, a rubuta mutanen cikinsa, a gano inda suke ɗiban ruwa da cututtukan da suka fi damunsu. Sannan kowane ƙauye ya kafa kwamitin lafiya, da dagaci ko mai unguwa da limami da wakilan mata, su zaɓi mutum daga cikinsu a ba shi horo na 'yan makonni. Ungozomomi ma ba a kore su ba. An jawo su an koya musu wanke hannu, da yanke cibiya da sabuwar reza, da gane naƙudar da ta fi ƙarfinsu. Kafin 1990 an faɗaɗa tsarin zuwa dukkan ƙananan hukumomin ƙasar.

A 1988 aka ƙaddamar da manufar kiwon lafiya ta ƙasa, irinta ta farko cikakkiya a tarihin Najeriya. Ita ce ta raba aikin gida uku: ƙananan hukumomi su riƙe matakin farko, jihohi su riƙe manyan asibitoci, tarayya ta riƙe asibitocin koyarwa da na ƙwararru. Hikimar ita ce gwamnatin da ta fi kusa da jama'a ita ta fi sanin ciwonsu. A nan ne ƙarfin tsarin yake, kuma a nan ne rauninsa ya ɓuya, kamar yadda shekarun baya suka nuna.

Ruwan gishiri da sukari shi ne abin da ya fi yaɗuwa. Ma'aunin da aka koyar a wancan lokaci an gina shi ne a kan abin da ke akwai a kowane gida: kwalba biyu ta lemo cike da ruwa mai tsabta, da ƙaramin cokali guda na gishiri a shafe, da ƙwayar sukari biyar. Yau ma'aikatan lafiya sun fi son a yi amfani da haɗaɗɗen garin da ke zuwa a 'yar leda tare da ƙwayar zinc, domin kuskuren awo na iya cutar da yaro. Amma a zamanin da yaro ke iya mutuwa cikin kwana biyu saboda ruwan jikinsa ya ƙare, kuma ƙarin ruwa sai a birni, sanya magani a hannun uwa babban juyi ne. Haka aka matsa wa shayar da nonon uwa, aka kuma tashi haiƙan kan rigakafin cututtuka shida: ƙyanda, tarin fuka, tarin shiƙa, shan-inna, mashaƙo da sarƙewar haƙora.

Batun magani kuwa, 'yan kasuwa za su fi kowa gane dabarar. A taron ministocin lafiya na Afirka da aka yi a Bamako a watan Satumban 1987 aka amince da tsarin da ya ɗauki sunan birnin. Ana ba ƙaramin asibiti jarin magunguna masu sauƙin kuɗi, ya sayar da 'yar riba kaɗan, a zuba cinikin a asusun da kwamitin gari ke sa wa ido, a sake saro wasu. Muddin ba a taɓa uwar kuɗi ba, kanta ba za ta bushe ba. Inda aka samu kwamiti mai amana tsarin ya yi aiki. Inda aka ci jarin, ko hauhawar farashi ta cinye shi, sai aka koma gidan jiya. An kuma yi masa sukar da ke da tushe, cewa ko 'yar ribar nan tana hana matalauci na ƙarshe zuwa asibiti. A 1989 aka kafa dokar jerin muhimman magunguna, don a daina ɓarnatar da kuɗin ƙasa a kan masu tsadar da ba su fi na arha amfani ba.

Akwai kuma kurkunu, cutar da ɗan birni na yau bai ma san kamanninta ba. Tsutsa ce da ake sha a ruwan kududdufi, ta yi kusan shekara a jiki, sannan ta ɓullo ta ƙafa, galibi a daidai lokacin aikin gona, ta kwantar da manomi makonni. A 1988 ma'aikatarsa ta ƙaddamar da shirin kawar da ita tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter. Ƙidayar farko da aka bi ƙauye-ƙauye aka yi ta gano masu cutar sama da 650,000. Ba allura ba ce ta kashe ta, ba kuma ƙwaya ba: ƙyallen tace ruwa ne, da rijiyoyin burtsatse, da mutanen ƙauye da aka horar su riƙa kai rahoto. An ga mai cutar na ƙarshe a Najeriya a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da kawar da ita a 2013. Cikin duk abin da aka shuka a zamaninsa, wannan ne ya fi nuna abin da tsarin zai iya yi idan an bi shi har ƙarshe.

Ba kowa ya yi na'am da shi ba. Manyan likitoci da dama sun ga cewa an yi watsi da asibitocin koyarwa, kuma a shekarun ne ƙwararru suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya da Turai da Amurka, ko da yake faɗuwar Naira ta fi kowace manufa hannu a wannan. Manufar yawan jama'a ta 1988, wadda ta ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace, ta gamu da turjiya, musamman a Arewa, ta kuma bar wani zargi a zukatan jama'a wanda daga baya ya shafi har allurar rigakafi. Alƙaluman nasarar ma suna buƙatar a duba su da idon basira. Hukuma ta bayyana cewa a 1990 rigakafi ya kai ga kashi 80 cikin ɗari na yaran ƙasar, amma binciken lafiyar iyali na ƙasa da aka yi gida-gida a shekarar ya samu kusan kashi 30 ne kawai suka kammala dukkan allurorinsu. Ma'aunan biyu ba iri ɗaya ba ne, sai dai tazarar ta isa ta nuna cewa rahoton da ke hawowa daga ƙasa yakan yi ƙiba a hanya. Duk da haka duniya ta yaba: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi lambar Leon Bernard a 1986, asusun UNICEF ya ba shi ta Maurice Pate a 1990.

A shekarar da ya bar ofis, 1992, aka kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko ta ƙasa, don aikin ya ɗore ko bayan an canza minista. Shi kuma ya wuce Washinton ya yi aiki da Bankin Duniya kan lafiyar Afirka. Abin da ya biyo baya mai ɗaci ne. Soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993 ya jawo wa ƙasar takunkumi, masu ba da agaji suka janye. Ƙananan hukumomin da aka danƙa wa amanar su ne matakin gwamnati mafi rauni, ba kuɗi, ba ƙwararru, kuma daga baya asusun haɗin gwiwa da jihohi ya ƙara ɗaure musu hannu. Ma'aikata suka riƙa yin watanni ba albashi, firjin ajiye allurai suka mutu ba mai gyara, kwamitocin ƙauye suka watse. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe sama da mutum 11,000, akasarinsu a Arewa. Binciken lafiyar iyali na 2003 ya samu kashi 13 cikin ɗari ne kacal na yara suka kammala rigakafi. Za a iya cewa kuskurensa shi ne ya ɗora gini mai nauyi a kan ginshiƙin da bai gwada ƙarfinsa ba, ko da yake da wuya a nuna wani ginshiƙin da ya fi shi a wancan lokaci.

Wani abin da ba a mantawa da shi a kansa shi ne ƙin ɓoye gaskiya kan cutar ƙanjamau. A 1986, lokacin da gwamnatocin Afirka da yawa ke musun akwai ta a ƙasashensu, ya sanar da samun ta a Najeriya, a jikin wata yarinya 'yar shekara 13. Bayan shekara goma sha ɗaya cutar ta shigo gidansu. Fela ya rasu ranar 2 ga Agusta, 1997, Beko kuma yana tsare a gidan yarin Katsina bisa hukuncin kotun sojan Abacha. Washegari Olikoye ya tara 'yan jarida a Legas ya faɗa wa duniya abin da ya kashe ƙanensa. A al'ummar da ake rufe irin wannan da sunan gajeriyar rashin lafiya, wasu masoyan mawaƙin sun ji haushi, wasu ma sun ƙaryata shi. Amma daga ranar mutane da yawa suka yarda cewa cutar ba tatsuniyar Turawa ba ce.

Da mulkin farar hula ya dawo, gwamnatin Obasanjo ta sake kiransa ya shugabanci hukumar gudanarwar cibiyar da aka kafa a ƙarshen zamaninsa, ya dawo ya tarar da yawancin abin da ya gina ya zube, ya sake kama aikin yana da shekara saba'in da 'yan kai. Bai ga ƙarshensa ba. A cikin shekarar da ya rasu aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin an gurɓata maganin, Kano ba ta dawo da shi ba sai a watan Yulin 2004, kuma sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Najeriya da Afirka, bayan an koma ga sarakuna da malamai da matan unguwa masu bi gida-gida, wato hanyar da ya nuna tun farko. Matsalar kuɗin da ta karya tsarinsa kuwa, sai a dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 aka ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, aka fara sa shi a kasafin 2018. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye.

Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya rasu ranar 1 ga Yuni, 2003 a ɗakinsa na otal a birnin Landan, inda ya je halartar wani taro na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana da shekara 75. Ya bar matarsa Sonia da 'ya'ya uku. Beko, na ƙarshe cikin mazan gidan, ya bi shi a watan Fabrairun 2006.